Matsarmamar da Muka Kai Abuja a Filas

Mun tashi daga Abaji da asuba, liman na sallamewa muna neman takalma. Mu uku ne: ni, da ƙanena mara lafiya, da amininsa wanda teburinsa ke manne da namu a kwata tun suna samari. Dukkanmu mahauta ne, gadon gida. Na rubuta wannan ne saboda masu kirana a waya suna tambayar yadda aka ƙare. Na gaji da maimaitawa, kuma duk wanda na ba labarin sai ya kai shi gaba a karkace. Zan faɗe shi bi da bi, yadda ya faru.

Sai na fara da dalilin tafiyar. Ƙanena ya daɗe yana fama da ciki: murɗa, gudawa, jini da majina. Da farko aka ce basir ne, daga baya aka ce atini. Mutumin da ke kayar da bijimi shi kaɗai ya koma ba ya iya ɗaga cinyar saniya zuwa ƙugiya. Alwala ba ta zama a jikinsa. Ranar Juma'a ya koma sahun ƙarshe, bakin ƙofa, don ya samu hanyar fita. A asibitin da ya fi kusa da mu sun zura masa igiya mai kyamara, suka ce bangon babban hanjinsa duk gyambo ne, kuma in bai lafa ba sai an yanke hanjin an maƙala masa jaka a ciki. Suka tura mu wurin wata likitar hanji a cikin birni, ita za ta ce a yanka ko a dakata. Ni da na yi shekaru ina ciro hanji da hannuna na san me ake nufi da wannan magana. Ban yi niyyar dawo da ƙanena Abaji da jaka a gefen cibiya ba.

Abu na biyu, ban yarda ciwon nan haka kawai ya zo ba. A kwatarmu akwai al'adar da muka taras. In wani a cikinmu yana ciwon ciki, duk wanda ya feɗe saniya yakan cire matsarmama a hankali, wato 'yar jakar nan mai koren ruwa mai ɗaci da ke manne da hanta, wadda wasu ke kira maɗaciya. Ya ɗaure bakinta, ya rataye ta a wata ƙusa da ke jikin ginshiƙin rumfarmu. Da safe a zuba cokali guda a romo mai zafi, mara lafiya ya sha kafin ya ci komai. Tun da ƙanena ya kwanta ƙusar nan ba ta taɓa wuni babu kaya ba, kuma amininsa ne ke dafa romon da hannunsa kullum. Mutum ɗaya ne kawai bai taɓa ratayawa ba, wani mahauci da teburinsa ke kallon namu. Da aka yi masa magana ya ce shi ba ya ba ɗan Adam abin da kare ke shinshinawa ya wuce. Na riƙe maganar. Na kuma lura masu sayen nama a wurin ƙanena, yanzu a gabansa suke layi.

Kafin mu shiga mota na tsayar da su biyun a bakin tasha na ba su doka. Kada wanda ya gaya wa likita maganin gida, don daga sun ji sai su ɗora laifin a kansa su huta da bincike. Kada a ci komai daga hannun wanda ba mu sani ba. Kada kuma a bar wani abu na jiki a wurin kowa, gashi ne, farce ne, ko me ya fi su. Ƙanena ya ce to. Amininsa ya ce to, yana rungume da filas ɗin romo cikin jaka kamar jariri.

Kuɗin mota ya kusa ninka na bara. Na saya wa ƙanena kujerar gaba, mai cin mutum biyu, shi kaɗai don ya samu saurin sauka, na kuma yi wa direba bayani tun kafin ya tayar. Ya ce ba komai, Allah ya ba shi lafiya. Ba mu yi nisa ba aka yi tsayawar farko, direba ya haƙura. A ta biyu ya duba agogo. A ta uku ya ce, "Oga, wannan ai sai ku ɗauki shata." Na ce masa na biya kujera biyu, kuma ban ga inda aka rubuta ciki na bin agogon direba ba. Wata mata a baya, mai kai doya kasuwa, ta sa baki da irin Hausar mutanen yankin ta ce, "Direba, ka bar shi, gobe kai ne." Ta miƙo wa ƙanena dafaffiyar gyaɗa. Na karɓa na yi godiya na sa a aljihu. Ba a ci ba.

Damina ce, hanya kore shar. Gonakin doya da masara hagu da dama, buhunan gawayi a jere a bakin titi, mata na hura wutar gasa masara tun rana ba ta fito sosai ba. Titin a wasu wurare sumul, a wasu wurare sai an koma hannu ɗaya ana gogayya da tirela. Wajen Kwali an baza tukwanen ƙasa da randuna, jajaye da baƙaƙe, an jera su manya a baya ƙanana a gaba. Wannan tsarin ya burge ni. Can gefe wasu Fulani na kora shanu su tsallaka titi, na dube su da idon sana'a, na ga biyu a ciki ba za su kai Sallah da ƙiba ba. A nan ne aminin ya buɗe filas ya zuba wa ƙanena a murfi, don bai samu sha a gida ba. Warin ya cika mota. Direba ya sauke gilashi. Kafin Gwagwalada mun sake tsayawa.

Gwagwalada cunkoso ne kamar kullum, 'yan acaɓa da masu keke da masu talla duk a kan titi ɗaya. Wani mai magani ya kafa lasifika a kan mota yana lissafa cututtuka, daga basir har rashin haihuwa, kwalba guda ke maganinsu duka. Ya hango ƙanena ta taga, ya taho da gudu yana cewa ya ga alamar a idonsa. Na ce masa ya je ya fara ba kansa, don haƙoransa sun fi na kowa buƙata. Daga nan muka bi ta Giri muka hau titin filin jirgi. Titi ne mai faɗi, amma a Lugbe ma'aikata sun cika shi fal, kowa na sauri, kowa a tsaye. A Kuchigoro na hango rumfunan buhu da kwano na mutanen da rikici ya koro daga arewa maso gabas, can bayan manyan gidaje. Na ce a raina su ma da sana'o'insu suka baro.

Inda motarmu ta sauke mu sai an sake hawa wata zuwa asibitin. An sha ba ni labarin motocin da ke ɗaukar mutum a Abuja, fasinjojin ciki duk ɓarayi ne. Saboda haka duk wadda ta tsaya sai na leƙa. In na ga baƙin gilashi, na ce ta wuce. In na ga ƙarti a baya sun yi shiru, na ce ta wuce. Ƙanena yana durƙushe a bakin titi ya ce, "Yaya, don Allah ko ta ɓarayin ce mu shiga." Birnin nan an ƙawata shi da itatuwa da fitilu, amma wanda ya tsara shi bai taɓa gudawa ba. Babu lungu, babu kango, babu masallaci a kusa. A ƙarshe muka samu wani tsoho mai tsohuwar mota, carbi na rataye a madubi. Shi ma sai da na riƙe lambar motarsa a kaina.

Asibitin yana da tsabta, ba zan hana su wannan ba. Akwai tsari kuma: a karɓi kati, a auna nauyi, a auna jini, a zauna. Da aka auna ƙanena na dubi allurar sikelin na kawar da kai. Muna zaune wata nas ta zo ta miƙa masa 'yar roba mai murfi da ɗan cokali a ciki, ta ce in ya zaga ya ɗebo kaɗan ya kawo. Na karɓe robar daga hannunsa. Na ce a kai wa wa? Ta ce ɗakin gwaji. Na ce wa ke ɗakin gwajin, kuma in sun gama ina sauran ke zuwa? Ta dube ni ta ce, "Baba, ka tambayi likita." Na ce ita zan tambaya.

Likitar mace ce, ba ta kai ƙanena shekaru ba, da ɗan gicciye a wuya. Ta ce ita 'yar wajen Kwali ce. Hausarta irin ta Abuja ce, tana ce wa mace shi, amma ana ganewa sarai. Ta gaishe ni kafin ta gaida mara lafiya, na ce a raina ko tarbiyya ce ko dabara. Ta duba hotunan kyamara, ta danna cikin ƙanena nan da can, ta tambaye shi abin da yake sha. Ya ce kafso na kemis, ja da rawaya, da wata farar ƙwaya mai ɗaci, duk lokacin da abin ya motsa. Ta ce tun yaushe? Ya ce tun farko. Ta ce ban da su fa? Ya dube ni. Na ce babu.

Sai na ajiye robar a kan teburinta na ce ina son bayani. Ta ce gwaji biyu ne. Na farko nasa ne, a ga ƙarfin kumburin, a kuma tabbatar ba wata tsutsa ko ƙwayar cuta da ta hau kai. Na biyu sai in ya yarda: suna tara ragowar daga masu irin ciwonsa, suna duba ruwan matsarmama da ƙananan halittun da ke zaune a hanji. Da na ji an ambaci matsarmama sai na gyara zama. Na ce mata ni firamare na gama, amma na san cikin dabba, saboda haka ta yi mini bayani bi da bi, kada ta tsallake.

Ga yadda ta faɗa, kuma na sa ta maimaita inda ban gane ba. Hanta ce ke yin ruwan ɗacin, matsarmama ajiya kawai take yi. In mutum ya ci abu mai maiƙo sai ta matso shi cikin ƙaramin hanji ya narkar da kitsen. Wannan na sani, don da shi muke goge kitse a wuƙa in ba sabulu. A ƙarshen ƙaramin hanji jiki na tsotse mafi yawansa ya mayar wa hanta, kaɗan ne ke wucewa babban hanji. Shi kuma babban hanji cike yake da wasu halittu da ido ba ya gani. Na ce ƙwayoyin cuta kenan. Ta ce a'a, yawancinsu 'yan gida ne, aiki suke yi. Wasu daga cikinsu aikinsu shi ne su karɓi ɗanyen ruwan ɗacin su juya shi ya zama wani iri daban. Ta ce kamar madarar da Bafulatana ke zubawa a ƙwaryar da ta saba, ta kwana ta zama kindirmo. Shi wannan juyayyen, in yana nan daidai gwargwado, yana kwantar da bangon hanji, yana kuma hana miyagun halittu yaɗuwa.

Ta ce abin bai tsaya nan ba. Shi kansa ruwan ɗacin yana zaɓen wanda zai zauna a hanji. Kamar yadda yake narkar da kitse, haka yake fasa wasu daga halittun, wasu kuma suna jure masa. In ɗanyen ya yi yawa, masu jurewar ne ke cika wuri, kuma sau da yawa su ne masu tayar da fitina. A cikin masu ciwon ƙanena, masu juyawar nan sukan ragu ƙwarai. Sai ɗanye ya taru, juyayye ya yi ƙaranci. Ɗanyen yana jawo ruwa cikin hanji, gudawa ta ƙaru. Gudawar ta share komai tun kafin a juya shi, kumburi ya ƙaru, 'yan gida su ƙara raguwa. Haka abin ke zagayawa. Na ce to wanne ne ya fara? Ta ce har yanzu ba a gama sani ba, shi ya sa suke tarawa. Ban ji daɗin amsar ba, amma na lura ba ta yi mini ƙarya don ta burge ni ba.

Duk wannan bayani aminin ƙanena yana bakin ƙofa a tsaye, fuskarsa na ƙara washewa. Shi daga cikin maganar abu ɗaya ya kama. Kafin in juya in harare shi ya riga ya ce, "Allahu Akbar! Yaya, ka ji ko? Ashe su ma matsarmama suka dogara da ita!" Ya zaro filas daga jaka ya kafa a kan teburin likita kusa da robar. Ya ce, "Madam, mu tuntuni muke ba shi. Ta saniya, sabuwa, kullum da safe. Ban taɓa fashi ba."

Doka ta farko ta karye a gabana.

Likita ta buɗe murfin ta shinshina, ta ja kai baya, idonta ya kawo ruwa. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta ce, "Kullum?" Ya ce kullum, in abin ya tsananta ma har da yamma. Ta rufe filas ɗin a hankali ta ce, "Malam, wannan ɗanye ne. Ɗanyen ne ya yi masa yawa. Masu juya shi ne babu." Ta nuna ƙanena ta ce da safe ana ƙara masa abin da ke fasa 'yan gidan, da rana kuma kafson kemis na kashe sauran da suka tsira, don kafso ba ya tambayar wane ne nagari. Ga shi kuma ɗanyen ruwa daga cikin dabba yana iya zuwa da nasa ƙwayoyin cutar.

Aminin ya ce, "To ni ne kenan?" Muryarsa ta canza. Ta ce a'a, ba shi ya kawo ciwon ba. Ciwon na masu tsaron jiki ne da suka juya suna dukan bangon hanjinsu, kuma da ko ɗigo bai sha ba zai iya kamuwa. Amma mai gyambo ana zuba masa wannan kowace safiya, gyambon ba zai samu sararin rufewa ba.

Sai na yi tambayar da na taho da ita daga Abaji. Na ce shin wani zai iya sa wa mutum wannan a abinci, ko ta wata hanya? Ta ce abin da ta gani a hoton sanannen ciwo ne, tana ganinsa a jikin ɗalibai da ma'aikatan banki da mutanen da ba su da abokin gaba ko ɗaya. Na ce kowa yana da shi, sani ne bai yi ba. Ta yi murmushi ta ce wannan ba fanninta ba ne.

Game da yanka, ga hukuncinta. Ta ce ba za ta sa wuƙa a hanjin da ba ta taɓa gani babu matsarmama babu kafso ba. A daina duka biyun daga ranar. Ta rubuta maganin kumburi, na sha da na matsawa, ta ce a rage maiƙo, a dawo bayan wasu makonni ta sake dubawa. In jini ya ƙaru ko zazzaɓi ya shigo, a taho ko da wane lokaci ne. Ta ce ba ta yi alkawarin ba za a yanka ba. Na ce na ji.

Saura robar. Na ce gwajin farko na yarda, na biyu ban yarda ba, ba za a ajiye abin jikin ɗan'uwana a firjin da ban san mai makullinsa ba. Ƙanena, wanda tun safe bai yi magana mai tsawo ba, ya ɗago ya ce, "Yaya, hanjin nawa ne. In zai hana a ba wani abin da aka ba ni, su ɗauka." A gaban mace, a gaban baƙuwa. Na bar maganar don ba a wurin ake yin ta ba. Amma da ya kawo robar ni na ɗauke ta da hannuna, na bi nas har tagar ɗakin gwaji. Na ga an cire sunansa an manna lamba. Na tambayi inda ake kai saura, wani mai farar riga ya nuna mini jan bokiti ya ce ƙonawa ake yi. Na ce a ina? Ya nuna mini bututun hayaƙi ta taga. Hayaƙi dai na gani yana fita. Abin da ke ƙonewa a ciki ban gani ba.

Yunwa ta karya doka ta biyu, mun ci abinci a wata rumfa bayan asibiti, wurin wata Bayerabiya. Ƙanena farar shinkafa ya ci, ba miya. Ni na nemi tumbi, su shaki suke ce masa. Kuɗin faranti ɗaya zai ciyar da mu uku a Abaji, kuma duk wanda ya wanke tumbin nan a kwatarmu da ya sha mari. Aminin bai ci ba. Ya ce ba ya jin yunwa, mutumin da ban taɓa ganin ya bar ƙashi da nama ba.

A hanyar dawowa hadari ya haɗo daga gabas, ruwa ya same mu a Giri ya rako mu har bayan Gwagwalada. Da muka tsaya wa ƙanena a wani daji bayan Kwali, aminin ya sauka shi ma. Na ɗauka zagawa zai yi. Ta madubi na gan shi ya buɗe filas ya tuntsurar da shi a gindin wata bishiya, ya tsaya yana kallon romon na bin ruwan sama. Ya ɗauraye filas ɗin a kududdufi ya dawo. Da ƙanena ya shigo ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kai, gobe me za ka kawo mini? Ka san ba na karyawa sai da hannunka." Aminin ya ce, "Ka rufa mini asiri." Ƙanena ya ce, "Kunu nake so. Kuma in ka sa masa ɗaci zan kai ka wurin Madam." Aminin ya yi dariya, ya share ido da hannun riga. Mun shiga Abaji ana kiran magariba.

Washegari na riga kowa zuwa kwata, amma ba da yawa ba. Kafin in gama wasa wuƙa ƙusar ta cika, matsarmama na reto a kanta suna ɗiga, don kowa ya ji mun je birni yana son ya nuna bai manta da mu ba. Na bari aka gama fiɗa, aka wanke kayan ciki, sannan na tara su a rumfa. Na yi musu bayanin yadda aka yi mini, daga hanta zuwa ƙaramin hanji zuwa babba, na ɗauko na saniya ina nunawa. Wani dattijo ya ce shi da ita aka yi masa magani yana yaro, ga shi nan da ransa. Na ce ban zo yin musu da iyayenmu ba, na zo ne a kan hanjin ƙanena, kuma duk wanda ya ƙara ba shi ko ɗigo, ni da shi ne. Na ari filaya na zare ƙusar. Ta yi tsatsa, sai da ta karye biyu. Mahaucin nan na tsallake yana tsaye yana kallo. Bai ce ai na faɗa ba. Ban kuma ce masa ya yi gaskiya ba, don har yanzu ban san ko sani ne ya hana shi ratayawa ko rowa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini zan faɗa a taƙaice. Na fita daga gida ina zargin direba, da mai gyaɗa, da mai lasifika, da motocin birni, da nas, da robar gwaji, da mutumin tsallake. Abu ɗaya ne ban bincika ba, shi ne wanda muka rungumo a jaka, don da hannun masoyi aka dafa shi. Ba zan daina bincike ba, haka aka yi ni. Amma yanzu daga cikin gida nake farawa. Kuma duk mai ciwon ciki da jini, ya faɗa wa likita duk abin da yake sha, har wanda yayansa ya hana shi faɗa.

Maganar yanka ba ta mutu ba tukuna, likita ce za ta rufe ta in ta sake dubawa. Jinin ya ragu, bai ɗauke ba. Amma Juma'ar da ta wuce na shiga masallaci na duba bakin ƙofa ban ga ƙanena ba. Sai na hango hularsa can a tsakiyar sahu, amininsa a gefensa. Ban saurari huɗubar da kyau ba, Allah ya yafe mini, ƙeyarsa nake kallo ina jiran ya miƙe. Aka yi huɗuba, aka tayar da salla, aka sallame. Yana nan zaune.